Turmi Arba'in da Suka Dawo Daga Gusau

Ban taɓa zama na tsara cewa zan yi kasuwanci a intanet ba. Koyarwa nake yi a wata makarantar kuɗi a nan Kano, ina ɗan taɓa sayar wa abokan aiki atamfa su biya a ƙarshen wata. Da korona ta shigo a 2020 aka rufe makarantu a watan Maris, a watan Afrilu aka kulle garin baki ɗaya, albashi ya tsaya cak. Abin da na mallaka a lokacin turmi goma sha biyu ne a cikin bakko a ƙarƙashin gado. Ga azumi ya kama, ga Sallah tana ƙaratowa, kuma Bakano ko gari a kulle yake ba ya fasa ɗinkin Sallah. Na shimfiɗa su a kan gado, na ɗauki hoto, na ɗora a sitatus ɗin WhatsApp. Kafin a ga watan Sallah babu ko ɗaya a hannuna.

Saurin nan shi ya ruɗe ni. Da aka buɗe gari sai na gano ashe ba ma sai ina da kaya a ɗaki ba. In shiga Kantin Kwari, in je shagon wani Alhaji da nake sari a wurinsa, in ɗauki hoton duk abin da ya yi mini kyau, in dawo gida in ɗora. Wadda ta ce tana so ta turo kuɗi, washegari in koma in saro, in kai tasha ko in ba mai adaidaita sahu ya miƙa mata. Babu jari, babu haya, babu kayan da za su yi kwantai. Sama da shekara ina wannan, har na fara yi wa masu shago kallon waɗanda ba su waye ba.

Abin da na kasa lura da shi, kayan da nake talla ba nawa ba ne. Kwari ba ta Kanawa kaɗai ba ce. Daga Maraɗi ake zuwa, daga Damagaram, daga Chadi da Kamaru, kuma mai sari ɗaya in zane ya yi masa sai ya kwashe dila-dila kafin azahar. Yawancin atamfar ma daga Sin ake kawo ta, tunda masaƙun Kaduna da na Kano sun daɗe da durƙushewa. In zane ya ƙare babu mai ce miki gobe za a buga wani. Sai dai ki jira kwantena, in ma za a sake kawo irinsa.

A ƙarshen watan Agustan 2021 wata baiwar Allah daga Gusau, wadda ta taɓa sayen turmi biyu a wurina, ta yi mini magana cewa za a aurar da ƙanwarta, suna son anko. Ta zaɓi wata atamfa ruwan hoda mai haske da fure ruwan toka, turmi arba'in. Ban taɓa samun ciniki irin wannan ba. Ta turo kuɗin turmi goma a matsayin kafin alƙalami, sauran sai kaya sun isa. A ranar ya kamata in ja mayafi in tafi kasuwa, amma ban tafi ba. Ranar zubin adashi ta zo, na ɗiba a ciki na zuba, na ce ai cinikin sati zai mayar. Ya kuwa mayar, sai dai kwana shida sun wuce.

A cikin kwana shidan nan ne, makon farko na Satumba, gwamnati ta sa aka katse layukan waya a jihar Zamfara gaba ɗaya saboda 'yan bindiga. Na ji a rediyo, na ce Allah Ya kyauta, ban kawo a raina abin ya shafe ni ba.

Da na isa shago Alhaji ya dubi hoton ya girgiza kai.

"Hajiya, ai kin makara. Shekaranjiya wasu mutanen Damagaram suka ɗauke ta duka. Da kin buga mini waya ai da na ware miki."

Na zaga kasuwar nan gida-gida har ƙafata ta kumbura. Na samu turmi huɗu a wani shago, biyu a wani, su ma da tsada. Na dawo wurin Alhaji da la'asar, ya sa yaronsa ya sauko da wata. "Ga 'yar'uwarta nan, zane ɗaya, kamfani ɗaya." Gaskiya ya faɗa. Furen shi ne, sai dai ruwan hodar ya yi duhu, yana neman komawa ruwan hanta. Ya ce in biya goma, ya ba ni talatin bashi.

Na kira ta ya fi sau ashirin ina sane sarai babu sabis a can, kamar dai kiran ne zai wanke ni. Biki saura sati uku, ga tela na jira. Na ce wa kaina ai wannan ma ta fi kyau, ta fi hana datti, za su gode mini. Na kai kaya tasha, na rubuta wasiƙa a takarda kamar zamanin iyayenmu, na haɗa da kwatancen shagon mijinta da ta taɓa ba ni, na ƙara wa direba wani abu don ya kai da hannunsa.

Sai bayan kwana tara wayata ta yi ƙara. Daga Zariya take kira, don a lokacin sai mutum ya yi tafiya mai nisa kafin ya samu inda waya ke shiga.

"Anti, wannan ba ita na zaɓa ba."

Ba ta ɗaga murya ba, kuma da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Ashe tun ranar da muka gama magana ta sayi mayafai arba'in daidai da kalar da ta gani a hoto, an riga an raba wa mutane. Da suka ɗora mayafin a kan atamfata ko kaɗan ba su shiga ba. Suka nemi wani ankon a kasuwar Gusau cikin gaggawa. Na fara cewa ai layi ne babu, ta ce, "Da kin bari kawai, Anti. Da ban ga kaya ba zan san abin yi." Ban samu amsar ba ta ba, har yau kuma ban samu ba.

Kaya suka dawo, ni na biya kuɗin motar zuwa da na dawowa. Na mayar mata da kuɗinta. Bashin talatin ya zauna a wuyana. Wanda bai yi wannan sana'ar ba zai ce ai atamfa ba ta ruɓewa, a sayar mana. To turmi arba'in ne iri ɗaya a hannun mace mai kwastomomi da ba su wuce ɗari biyu ba, rabinsu kuma sun san juna. Wace ce za ta yarda ta je suna ta tarar da mutum uku sun sa irin kayanta? Na karya farashi, na sake karyawa, ina sayar da ɗaya yau, biyu wani satin. Abban yara bai ce mini komai ba, sai dai duk sanda zai ɗauki takalminsa ya ɗan ture bakkon da ƙafa, wannan ma magana ce. Wata huɗu na yi ina biyan Alhaji kaɗan-kaɗan. Ranar da na kai cikon ƙarshe ya ce, "Hajiya, kuɗin mutane in ya shigo da safe, ya kwana a matsayin kaya." Daga nan na fara ajiye kayana a ɗaki, abin da ba ya hannuna ba na ɗora shi. Hoto kuma na daina ɗauka a ƙarƙashin ƙwan lantarki. A tsakar gida nake yin bidiyo da hantsi, in sa farar takarda a gefe don ido ya samu abin gwada kalar. In za a canza ko da zare ɗaya ne, sai na ji muryar mai kaya ta ce ta yarda.

Ina tsakiyar biyan bashin nan, ranar 4 ga Oktoban 2021 da yamma, WhatsApp da Facebook da Instagram suka ɗauke a duk duniya wajen awa shida. Ni na zaci datata ce ta ƙare, sai da na sayi wata har sau biyu. Da suka dawo cikin dare na ɗan yi tunanin cewa shagon nan nawa a filin wani na kafa shi, ya kamata in kwafe lambobin mutane a littafi. Na yi tunanin, na yi barci, na manta.

Ban sake tunawa ba sai tsakiyar 2022. Ina gaban murhu wata murya mai ladabi ta kira ni da cikakken sunana, ta ce daga zauren tsofaffin ɗaliban makarantarmu ne, za a yi taro ta intanet da daddare, an tura wa kowa lambar shiga, in karanto tawa a sa ni a jeri. Saƙo ya shigo da lambobi shida. A jikin saƙon an rubuta kada a ba kowa, amma ni albasa nake soyawa, na karanto masa tsaf har da godiya. Kafin in sauke tukunya an fitar da ni daga WhatsApp ɗina. Lambar nan ita ce mabuɗin da ake ɗora layin mutum a wata wayar da shi, ni da bakina na miƙa.

Cikin awa biyu sun ɗora hotunan leshina a rabin kuɗi, da lambar akawun da ba tawa ba. Mata uku suka tura kuɗi. Na sake neman lambar na shigar, hakan ya fitar da su, amma sun riga sun sa lambar sirri ta mataki na biyu, wadda ni ban taɓa damuwa in sa ba. Doka kuwa ita ce in ba ka san ta ba sai ka jira kwana bakwai. Sati guda ina zaune babu shago, kuma mutane da yawa ban taɓa ajiye lambarsu a waya ba, a cikin hira kawai suke. Matan nan uku na biya su. An ce mini ba dole ba ne, ba ni na ci ba. Haka ne, amma sunana suka gani suka tura. Bayan nan na yi wa sunan kasuwancin rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, na buɗe akawun da sunan, na rubuta a fuskar shafina cewa ba ni da wani bayan shi. Lambobi kuma suna cikin littafi mai bango mai kauri, kowace da garinta.

Asara ta uku ta fi ba ni haushi, don lokacin ina ganin na zama 'yar gari. Watan Fabrairun 2023 ne, ana tsakiyar wahalar canjin kuɗi. Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, ya sa wa'adin 31 ga Janairu, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, tsofaffi suka shige banki, sababbi kuma babu su. Wasu masu POS sai da suka kai ga karɓar naira 200 a kan kowace 1,000. Direba a tasha ya ce shi tsaba yake so, mai adaidaita ma haka. Kowa ya koma taransifa, na'urorin bankuna suka kasa ɗauka, kuɗin gaskiya ma sai ya kwana ɗaya ko biyu a hanya. Sau da yawa a watan na saki kaya a kan hoton rasit kawai, kuma kuɗin ya shigo daga baya. Na saba.

Ranar wata Juma'a wani ya yi mini magana, hoton fuskarsa dattijo da babbar riga. Ya ce lefen ɗansa yake haɗawa, ana so a kai kafin azumi. Leshi uku, atamfa takwas. Na faɗi kuɗi ya ce to. Nan ya kamata jikina ya ba ni, a Kano mutum ya sayi kayan lefe bai ce a rage masa ko sisi ba? Ya turo hoton rasit, can sai ga alat ya shigo da sunan bankina a sama. Na gwada buɗe manhajar bankin ta ƙi, kamar yadda ta saba a kwanakin. Ya kira ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, yaron yana ƙofar gidanki da adaidaita, mata na jira." Na ƙulle kaya da hannuna, har da ƙara leda mai kyau.

Sai bayan isha na zauna na karanta alat ɗin da kyau. Kuɗin da aka ce ya shigo daidai ne, amma jimillar da aka rubuta a ƙasa ba ta yi kama da abin da ke akawun ɗina ba ko kusa. Ɓarawo zai iya ƙirƙirar saƙo ya sa masa sunan banki, zai iya gyara hoton rasit, amma bai san nawa gare ka ba, sai ya yi cinta. Da na duba layin nan ɗaya da rana da kayana suna nan. Litinin tun asuba na bi layin banki, sai bayan azahar na shiga, ma'aikaciyar ta juyo mini da fuskar kwamfuta na gani da idona, babu abin da ya shigo, babu abin da ke hanya. Lambar dattijon kuwa tun daren Juma'a a kashe take. Yanzu ko wace ce, sai na ga jimilla ta ƙaru a cikin manhaja. Wasu sun ji haushi, wata ma ta ce na mayar da ita ɓarauniya. Na ba ta haƙuri, ban ba ta kaya ba sai da kuɗin ya sauka.

Duk waɗannan asara ce mai ƙara, ana ji ana gani, har a zo yi miki jaje. Wadda ta fi su girma ba ta yi ƙara ba, kuma ba ni na gano ta ba.

Ranar 29 ga Mayun 2023 sabon shugaban ƙasa Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati zuwa sama da 500. A watan Yuni aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500. Wapa, inda 'yan canji suke, ba ta da nisa da Kwari, kuma duk abin da aka faɗa a can da safe kafin la'asar ya iso kan atamfa. Ni kuwa a lokacin murna nake yi. Kayana na fita da sauri fiye da na kowa, kuɗin da ke akawun ɗina ban taɓa ganin yawansu haka ba.

Na je gaida Gwaggo, yayar mahaifina, wadda ta yi dillanci gida-gida a cikin gari tun kafin a haife ni, ba ta taɓa zama a ajin boko ba. Ina ba ta labarin yadda kasuwa ta buɗe, na faɗi abin da ke akawun. Ta ci gaba da ɓare gyaɗarta.

"'Yar nan, bara war haka turmi nawa gare ki?"

"Gwaggo, ai kuɗi nake gaya miki."

"Na ji. Ni kuma turmi nake tambaya."

Na buɗe littafi. Bara war haka, in an haɗa na ɗaki da abin da kuɗin hannuna zai saro, turmi casa'in ne. Ta ce to in buga wa mai shago waya yanzu in ji farashin yau, in lissafa. Na buga, na lissafa, na sake lissafawa. Hamsin da takwas. Turmi talatin da biyu sun tafi, babu ɓarawo, babu alat na ƙarya, babu wanda zan kai ƙara.

Yadda abin ya faru ba shi da wuyar ganewa, kunya ce kawai. In saro turmi, in ɗora ribata a kan abin da na saya, in sayar. Kafin in koma kasuwa farashin sari ya wuce abin da na sayar. Ashe shi ya sa kayana ke gudu, araha nake yi wa mutane da uwar kuɗina, har wasu masu sayarwa irina a wurina suke sara. Gwaggo ta ce a zamanin da suka ga irin wannan, ba a tambayar nawa na saya, nawa zan sake saya ake tambaya. Daga nan ta shiga tono. Datar da nake saya, wa ke biya? Leda fa? Kuɗin adaidaita zuwa tasha da ya ninka? Naira 50 ɗin da ake cirewa a lokacin duk sanda kuɗi ya kai 10,000 ya shigo? Cefanen da nake yi in Abban yara bai dawo da wuri ba, ina mayarwa? Ko ɗaya babu a littafina. Shigowa kawai nake rubutawa.

Sai ta ce in karanto mata masu bashi. Nan ne na so in rufe littafin, don kusan duka dangi ne da ƙawaye, masu cewa ki kawo kawai zan turo, in an tambaya kuma a ce bashi hanji ne. Wata tun Sallar bara, kuɗin da in ta biya yau rabin turmi ma ba zai saro ba. Gwaggo tana ji tana faɗin wadda za a bi, da wadda za a bar wa Allah amma kada a ƙara.

Tun daga ranar, kafin in ɗora komai da safe sai na ji farashin Kwari, kuma ina rubutawa a ƙasan hoto cewa kuɗin na yau ne. Na yanka wa kaina albashi a wata, in ya ƙare ya ƙare, akawun ɗin kaya ba na cefane ba ne. Littafin ya samu sabon layi a gefe, inda nake rubuta yawan turmi a ƙarshen kowane wata. Wasu kwastomomin sun gudu, sun ce na yi tsada, masu sara a wurina kuwa ko sallama ba su yi ba. A ƙirgar da na yi ta ƙarshe saba'in da ɗaya ne. Ban koma casa'in ba tukuna.

A jerin masu bashin nan, suna na ƙarshe da na karanto a ranar na Gwaggo ne. Turmi ɗaya, tun 2022, na ƙarshe a cikin arba'in ɗin Gusau, wanda ta ɗauka ta ce za ta aiko da kuɗi. Na karanta na yi shiru. Ta kalli zanen da ke jikinta, ruwan hoda mai duhu da fure ruwan toka, ya ɗan koɗe a gwiwa. Ta watsa gyaɗa a baki ta ce in soke wannan, kuɗin makaranta ne.